Wayar da muke miƙa wa yaro don ya yi shiru

A gidan biki ko a layin awo na asibiti, da zarar yaro ya fara rigima sai uwa ta zaro waya daga jaka ta miƙa masa. Nan take kuka ya ɗauke kamar an yi ruwa an shanye. Ban ga laifinta ba. Wanda bai taɓa fama da ɗan shekara uku a zafin watan Afrilu ba, kada ya yi saurin yanke hukunci. Abin da ke damuna shi ne yawancin shawarwarin kare yara a intanet ba su san da wannan wayar aro ba, alhali ta nan 'ya'yanmu ƙanana ke shiga.

Dalilin da ya sa Facebook da TikTok da Instagram suka ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, ba wai an gano yaro na yin hankali a wannan shekarar ba ne. Wata doka ce da Amurka ta kafa a 1998, wadda ta hana kamfanoni tattara bayanan 'yan ƙasa da 13 ba da izinin iyaye ba. A kanta aka ci tarar Google da YouTube dala miliyan 170 a 2019. A 2023 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayalan ta ci TikTok tarar yuro miliyan 345 kan yadda ya riƙe bayanan yara. Ostareliya ma ta yi doka a ƙarshen 2024 ta hana 'yan ƙasa da 16 mallakar shafukan sada zumunta. A Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta ce sai da amincewar iyaye ko marikin yaro za a yi amfani da bayanansa.

Duk da kyau. Sai dai waɗannan dokoki suna magana ne kan yaro mai shafin kansa. Namu yaron wayar Umma ke hannunsa, ko ta Yaya, kuma a wurin YouTube mai riƙe da ita baligi ne. Abin da babba ya kalla jiya da dare, irinsa za a jero wa yaro da safe. Ya fara da katun, bidiyon ya ƙare, wani ya kunna kansa, wani ya biyo. Kafin a sauke tukunya ya isa inda ba a aike shi ba.

Gyaran wannan bai kai kuɗin katin waya ba. Akwai YouTube Kids, akwai Family Link na Google da ke ƙayyade lokaci da manhajojin da yaro zai buɗe, duk kyauta. Ana iya kashe tsarin da ke sa bidiyo ya bi bidiyo. Mafi sauƙi ma, a sauke katun biyu ko uku a kan wayar, a kashe data, sannan a miƙa. Matsalar ita ce duk maɓallan nan a Turance suke, a ɓoye cikin saiti, kuma iyaye mata da yawa wani ne ya buɗe musu wayar tun farko. Shi ya sa nake ganin wa'azi ya isa haka, nuni ake bukata. Minti goma a taron iyaye da malamai, ko a Islamiyyar matan aure, ko ranar allurar riga-kafi, wani ya karɓi waya ya nuna inda ake dannawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce kada a zaunar da jariri gaban allon waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Ma'aikaciyar jinya da ke bayanin kunun yaye za ta iya ƙara wannan.

Kashe data kuma ba ya rufe ƙofa duka. Fina-finan da masu turi ke lodawa a memorin waya, da abin da yara ke tura wa juna ta Xender, ba su bukatar intanet. A riƙa leƙa abin da ke cikin wayar.

Inda na fi saɓawa da iyaye da yawa shi ne batun duka. Yaro ya ci karo da hoton banza, ya zo ya nuna, sai a sharara masa mari a ƙwace wayar. Darasin da ya ɗauka ɗaya ne: gobe ba zai faɗa ba. Masu yaudarar yara ta wasannin intanet da saƙonnin sirri da wannan tsoron suke aiki. Su fara da yabo da 'yar kyauta, su nemi hoto, daga nan sai barazana: in ka faɗa, ni zan nuna wa babanka. Yaron da ya san za a saurare shi kafin a yi faɗa, wannan barazana ba ta da ƙarfi a kansa. Kunya tarbiyya ce mai kyau, amma bai dace ta hana uwa gaya wa ɗanta ɗan shekara shida cewa ba wanda ya isa ya ce ya ɗauki hoton jikinsa, ko baƙo ne ko ɗan gida.

Mu ma manya da namu. Ranar komawa makaranta, duba shafukan abokanka ka ga: yaro sanye da kayan makaranta, bajo a ƙirji ana karanta sunan makarantar ɓaro-ɓaro, cikakken sunansa a ƙasa, wani har da ajinsa. A ƙasar da satar yara don kuɗin fansa ta zama ruwan dare, mun haɗa wa wanda ba mu sani ba suna da fuska da wurin da zai tsaya da ƙarfe biyu na rana. Yaron bai san an ɗora ba, balle a ce an tambaye shi.