Dokar ta-ɓaci ba juyin mulki ba ce

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar an ayyana dokar ta-ɓaci, an jingine tsarin mulki ke nan, mulki ya koma hannun soja. Wannan kuskure ne, domin a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya tsarin mulkin da kansa ne yake ba gwamnati wannan dama idan yaƙi, annoba ko tarzoma suka fi ƙarfin dokokin yau da kullum, kuma yawanci sai majalisa ta amince, tare da ƙayyade wa'adi. Abin tsoron shi ne tsawaitawa. A Indiya, Indira Gandhi ta shafe wata 21 daga 1975 tana mulki a ƙarƙashinta, aka tsare 'yan adawa, aka taƙaita 'yancin jaridu, aka kuma ɗage zaɓe.