Ɗan majalisa: mai bin bahasi ko mai rabon babura?

Ranar Asabar, 12 ga Afrilun 2025, aka katse wa 'yan majalisar Birtaniya hutu, aka kira su zaman gaggawa. Kamfanin Jingye na ƙasar Sin, mai masana'antar ƙarafa ta Scunthorpe, na shirin kashe tandunan narka ƙarfe, ma'aikata kusan 2,700 za su rasa abin yi. A ranar aka yi doka, gwamnati ta karɓe ragamar masana'antar. Ina zaune a nan Birtaniya, amma masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta da ke jihar Kogi ce ta faɗo mini a rai, wadda aka fara ginawa tun 1979, har yau sai kwamiti ya je ya zagaya ya dawo.

Ba waliyyai ba ne Turawan nan. A 2024 suna ji suna gani aka kashe tandunan masana'antar ƙarafa ta Port Talbot da ke yankin Wales. Bambancin yana wajen ma'aunin da ake auna ɗan majalisa da shi. A nan, yakan rubuta wa minista tambaya kan kuɗin bas ko tsadar lantarki, a amsa a rubuce, a saka a intanet da sunansa. Ƙuri'ar da ya kaɗa ma tana nan. Da aka ɗaga iyakar kuɗin bas a Ingila daga fam 2 zuwa fam 3 a farkon 2025, duk mai so zai duba ya ga wa ya yi magana, wa ya yi gum.

A Najeriya kuwa, da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, abin da aka fi tambayar "Honarabul" shi ne ina rabonmu. Shi ma ya gane karatun: babura, kekunan ɗinki, 'yan buhuna, a ɗauki hoto. Wanda ya wuni a kwamiti yana tankaɗe kasafin ma'aikatar masana'antu, sai a ce bai tsinana komai ba, a kayar da shi tun a zaɓen fid da gwani. To wa zai tsaya wa masaƙun Kaduna da suka zama kufai?

Majalisar Tarayya ma takan yi abin kirki, mu ne ba mu bibiya. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon shimfiɗa layin dogo da harkar lantarki. Ɗan majalisar jiharku, wane ƙuduri ya kawo a kai?