Kafin a sayar da fili a tura yaro Turai buga ƙwallo

Duk wanda ya bi ta filin Kawukudi a Accra, babban birnin Ghana, da la'asar zai ga yara maƙil, wasu da takalmin ƙwallo, wasu ƙafa ba komai, kowa da sunan Kudus a bakinsa. Suna da hujja. Mohammed Kudus ɗan Nima ne, a ƙungiyar unguwa ta Strong Tower ya fara, daga nan makarantar Right to Dream ta ɗauke shi. Ya tafi Nordsjaelland ta Danmak a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023, Tottenham a 2025. Abin da ba a faye faɗa wa iyaye ba shi ne, bai sa hannu a Turai ba sai da ya cika shekara 18, kuma duk inda ya taka akwai takardar da ta bi shi. Matsalar zango ba rashin gwanaye ba ce. Takarda ce, kuma tsohon ciwonmu ne tun kafin ƙwallo.

A fara da rage shekaru, tunda kowa ya san ana yi. Tun 2009 FIFA take ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17. Ana duba gaɓar da ƙashi ke girma ta wurinta, a ba ta mataki daga 1 zuwa 6. Idan ta kai 6, wato ta haɗe gaba ɗaya, an cire yaro. A 2014 an kori Black Starlets, ƙungiyar Ghana ta 'yan ƙasa da 17, daga neman gurbin gasar Afirka kan wannan gwaji. A 2022 hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta dakatar da 'yan matanmu na Black Maidens daga gasa biyu, ta ci Ghana tarar dala 100,000 bayan ƙorafin Maroko kan rage shekaru. Na'urar ba ma'asumiya ba ce, jikin wani yakan riga shekarunsa. To amma da me yaron kirki zai kare kansa idan takardar haihuwarsa bara aka yi ta da rantsuwar kotu?

Nan ne laifin ya dawo gida. Rajistar haihuwa kyauta ce a Ghana cikin wata goma sha biyu na farko. Mu kuwa sai a yi suna, a yanka rago, a watse, ba wanda ya leƙa ofishin rajista. Sai yaro ya kai sha biyar, wani koci ya ce a rubuta sha biyu. Ranar da za a yi Ghana Card ko fasfo, katin awo na asibiti ya faɗi wata shekara, takardar jarrabawar gama ƙaramar sakandare, BECE, ta faɗi wata. Mutanen da tun korar baƙi ta 1969 ake yi wa tambayar "daga ina kakanka ya zo" bai kamata su ƙara wa kansu wata ƙofar tuhuma ba. Kuma duk ɗan ashirin da ya saci gurbin 'yan sha bakwai, ƙanin wani ya tura waje.

Sai 'yan damfara masu kiran kansu ejan. Salonsu ɗaya ne: wasiƙar gayyata mai tambarin wata ƙungiya, a ce a kawo kuɗin biza da tikiti da "kuɗin gwaji" kafin Juma'a. Uwa ta kwashe adashinta, uba ya sayar da fili a Kasoa. Yaro ya sauka da bizar yawon buɗe ido ta kwana 90, ejan ya kashe waya, kunya ta hana shi dawowa. Doka ta 19 ta ƙa'idojin musayar 'yan wasa na FIFA ta hana kai yaro ɗan ƙasa da 18 wata ƙasa, in ban da 'yan dalilai ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura don abin da bai shafi ƙwallo ba. Saboda haka wanda ya ce zai kai ɗan sha biyar Beljiyam ya sa hannu, ko ƙarya yake yi, ko shirin sauya shekaru yake. Daga 2023 ejan sai ya ci jarrabawar FIFA ya karɓi lasisi, kuma sunayen masu lasisi suna shafin FIFA na intanet. A duba sunan. A nemi adireshin ƙungiyar daga shafinta, ba daga wasiƙar ba, a tambaye su ko sun san da gayyatar. Ƙungiyar da take son yaro da gaske ita ke biyan jirgi da masauki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kuɗin halal da ƙungiyoyin unguwa ke asara. Idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin na ƙungiyoyin da suka raine shi ne daga shekara 12 zuwa 23. A cinikin Yuro miliyan 10, rabon ya kama 500,000: kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da 25,000, daga 16 zuwa 23 kuma 50,000. Tun ƙarshen 2022 wani ofishin FIFA ne ke raba kuɗin, kuma abin da ke cikin rajistar kwamfuta yake bi. Kocin da ya shekara huɗu yana saya wa yaro koko da ƙosai da kuɗin tro-tro, amma bai yi masa rajista da hukumar ƙwallo ta yanki ba, ko kobo ba zai gani ba.

Filayen ciyawar roba da aka shimfiɗa a wasu zangogi abin yabo ne, sai dai fili ba ya yin rajista. Sarakunan zango da limamai su sa takardar haihuwa cikin abin da ake tambaya ranar suna. Kowace ƙungiyar yara a Nima, Mamobi da Sabon Zango ta samu mutum ɗaya da aikinsa kawai fayil: takardar haihuwa, katin awo, shaidar makaranta da lambar rajistar hukumar ƙwallon Ghana, GFA, duka da kwanan wata ɗaya, kafin yaro ya buga wasan gasa na farko.