Maki 28 a sakandare, benci a jami'a: ina gizo ke saƙar?

Duk shekara idan jami'o'in Amurka suka shiga farautar sababbin 'yan ƙwallon kwando, abu ɗaya ake maimaitawa. A saki bidiyon minti uku na wani yaro ɗan shekara 17 yana danƙara ƙwallo a kwando, yana yanke sa'o'insa kamar ba su karya ba, a rubuta cewa taurari biyar gare shi, wato matakin ƙoli a ma'aunin masu tantance 'yan wasan sakandare, maki 28 yake ci a kowane wasa. Magoya bayan jami'ar da ta same shi su fara lissafin kofi tun bai sauke jakarsa ba. Watan Janairu na zuwa sai ka hango shi a ƙarshen benci da tawul a wuya, ana cewa koci ya tsane shi.

Ni ban yarda da zancen tsana ba a mafi yawan lokuta. Tambayar da ba a yi ba tun farko ita ce: a tsarin kai harin wannan kocin, wane aiki yaron zai yi a lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa? A sakandare shi ne rana, kowa shi yake kewayawa. A jami'a mutum biyar ne a fili, ƙwallo ɗaya ce, kuma akwai ɗan shekara 22 da ya riga shi riƙe ta.

Filin ma kansa ba ɗaya ba ne. Layin maki uku a sakandare ƙafa 19 da inci 9 ne daga kwando. A jami'a, tun kakar 2019 zuwa 2020, ya koma ƙafa 22 da kusan inci 2, wato mita 6.75. Bambancin ya haura ƙafa biyu, kuma nan ne ake gane wanda yake jifa da ƙafafunsa da wanda yake tura ƙwallo daga ƙirji. Wasan sakandare minti 32 ne, na jami'a 40. Filayen sakandare da yawa tsawonsu ƙafa 84 ne, na jami'a 94. Sannan agogon jifa: a jami'a daƙiƙa 30 ce kacal, idan kuka jefa ta taɓa baki kuka sake cafkewa a ba ku 20, alhali akwai jihohin da har yanzu sakandarensu ba su da wannan agogo kwata-kwata. Yaron da ya saba buga ƙwallo a ƙasa sau goma yana nazarin mai tsaronsa ya cinye rabin lokacin ƙungiya ke nan.

Bari in tsaya a kan dogayen 'yan wasa, domin su ne aka fi ɗauka daga Afirka, kuma a kansu ne dacewa da rashin dacewa suka fi fitowa fili.

Udoka Azubuike haifaffen Legas ne, ya yi sakandare a Jacksonville ta jihar Florida, ya shiga jami'ar Kansas a 2016. Ba ya jifa daga nesa, ko kusa da haka. Abin da yake da shi jiki ne, da iya tokare mutum a bayansa a gindin kwando, da hannu mai cafka. A kakar 2017 zuwa 2018 kocin Kansas Bill Self ya kewaye shi da 'yan waje huɗu, wato masu wasa nesa da kwando, masu jifan nesa: Devonte' Graham, Malik Newman, Svi Mykhailiuk da Lagerald Vick. Ka duba abin da hakan ke jawowa. Kowane mai tsaro yana manne da nasa a bayan layi, babu mai sakin mutuminsa ya zo taimako, sai Azubuike ya rage shi da mutum ɗaya a wurin da ya fi kowa ƙarfi. Ya tura shi sama kaɗan, a cilla ƙwallo ta saman kansa, ya danƙara. A wannan kakar kashi 77 cikin ɗari na jifansa sun shiga. Ba wai ya koyi sabon abu ba ne. An gina ɗaki daidai tsawonsa.

Amma kowane tsari yana da kuɗin da ake biya. Jifansa na kyauta, wanda ake bayarwa bayan an yi wa mutum keta, bai kai rabi yana shiga ba. A Janairun 2018 Oklahoma suka riƙa yi masa keta da gangan a mintunan ƙarshe, ya yi ta zubarwa, Kansas ta sha kashi. Wannan darasi ne ga duk mai auna sabon yaro: idan ba ya cin jifan kyauta, to a minti huɗun ƙarshe na wasa mai zafi, ko dai koci ya zaunar da shi, ko ya bar shi ya zama ƙofar ɓarayi.

Yanzu ga kishiyarsa. Skal Labissiere, ɗan Haiti, yana cikin na ɗaya ko na biyu a duk Amurka a ajin 2015. Ya je Kentucky daidai lokacin da Karl-Anthony Towns ya bar ta, shi kuwa Towns da bayansa ga kwando ya yi musu aiki. Aka sa Skal a wannan gurbin. Matsalar ita ce shi siriri ne, abin da ya iya shi ne ya fuskanci kwando ya jefa daga tsaka-tsaki, wato tsakanin gindin kwando da layin maki uku, da hannu mai laushi. Da ya juya baya sai a ture shi ƙafa uku daga inda yake so ya tsaya, ƙwallon ma ba ta isowa. Ya ƙare kakar bai kai maki 7 a wasa ba, kuma wanda ake hasashen zai fita a sahun farko sai a lamba ta 28 aka ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a 2016. Shi kansa John Calipari, kocin Kentucky na lokacin, daga baya ya amsa cewa ƙoƙarin mayar da shi ɗan gindin kwando bai taimake shi ba. Baiwar tana nan, gurbin ne ba nasa ba.

Zach Edey kuwa ko cikin ɗari na farko bai shiga ba lokacin da ya baro sakandare. Ɗan Kanada, ƙafa 7 da inci 4, bai daɗe da fara wasan ba. Amma Matt Painter, kocin jami'ar Purdue da ta ɗauke shi, ya yi shekaru yana gina harinsa a kan dogaye, ya san kusurwar da ake ba su fasin, ya san inda sauran huɗun za su tsaya idan an taru a kansu. Edey ya zama gwarzon jami'o'i sau biyu a jere, 2023 da 2024. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Da a wata ƙungiya ce mai gudu sama da ƙasa, da wataƙila numfashinsa kawai za mu riƙa ji.

Labarin Purdue yana da wani ɓangaren da ya shafi 'yan wasan da ba dogaye ba. A Maris 2023 Fairleigh Dickinson, ƙungiyar da ke matakin ƙarshe a jadawalin gasar kofin jami'o'i ta ƙasa, ta fitar da su. Sun yi wa Edey taron dangi, suka ce wa sauran bismillah, ku jefa. Purdue ta jefa 26 daga layin uku, 5 suka shiga. Shekara ta zagayo, jifansu na nesa ya gyaru, suka je har wasan ƙarshe. Ma'ana, idan za a kawo sabon yaro ɗan waje cikin irin wannan ƙungiya, ba yankansa ake buƙata ba. Ana so ne a ga ko zai tsaya a kwanar fili, gwiwa a lanƙwashe, hannu a shirye, ƙwallo ta zo ya saki ba tare da ya sauke ta zuwa cinya ba. Kuma ko ya iya miƙa wa dogo ƙwallo: ya buga sau ɗaya zuwa gefe don gyara kusurwa, ya yaudari mai tsaro sama ya ba da ƙasa. Wannan ƙaramin abu ne da ba ya shiga bidiyo, amma shi ke raba mai minti 25 da mai minti 5.

Lissafin da kociyoyi ke yi ba ɓoyayye ba ne. Wanda ke cin kashi 35 daga layin uku yana kawo maki 1.05 a kowane jifa. Wanda ke cin kashi 40 daga tsaka-tsaki, 0.8 yake kawowa. Shi ya sa koci Nate Oats na Alabama ya gina harinsa a kan abu biyu, gindin kwando ko bayan layi, da gudu kuma, har suka kai zagayen 'yan huɗu a 2024. Yaron da duk makinsa na sakandare daga tsaka-tsaki ya fito, ya buga biyu ya tsaya ya tashi, idan ya sa hannu a Alabama to ya sani makaminsa na farko za a karɓe a bakin ƙofa. A Virginia ta zamanin koci Tony Bennett, wadda ta ci kofi a 2019, akasin haka ne: wasa a hankali, hari kusan 60 a wasa maimakon sama da 70, dogaye biyu suna tokare hanya, 'yan waje uku suna zagaya su ba ƙwallo a hannu. A can mai saurin gudu da ƙwallo zai ji kamar an ɗaure shi, amma wanda ya iya karanta mai tsaronsa, ya san lokacin lanƙwasowa ciki da lokacin ja da baya, shi ne sarki.

To yaya ake aunawa? A ajiye bidiyon yanke-yanke. A nemi cikakkun wasanni uku, aƙalla ɗaya wanda suka sha kashi, kuma da ƙungiyar da ke da yara masu tsawonsa. A ɗauki takarda a raba makinsa gida-gida: nawa ne daga gudu bayan ƙwace, nawa daga cafke-ka-jefa, nawa bayan an tokare masa mai tsaro, nawa ne kawai don ya fi kowa tsawo. Gidan ƙarshen nan a soke shi gaba ɗaya, ba zai bi shi jami'a ba. Na gudu a rage shi sosai, domin 'yan jami'a suna komawa gida da sauri. Abin da ya saura shi ne jarinsa na gaskiya, kuma sau da yawa maki 28 ɗin nan sai ka ga sun koma 9.

Sai a kalli daƙiƙa biyun da ke biyo bayan ya ba da fasin. Ya tsaya yana kallo, ko ya yanka zuwa kwando, ko ya matsa ya cike gurbin da aka bari? A lura da hannunsa na hagu idan an tilasta masa bin can. Idan dogo ne, a duba yadda yake tokarewa: ƙafafu a buɗe, ya tsaya cak kafin a goge shi, in ba haka ba alƙali zai busa masa, kuma keta biyar ce ke fitar da mutum a jami'a. Bayan tokarewar, yana gangarawa da gudu ko yana tafiya? Idan aka ba shi ƙwallo a tsakiya mutum biyu suka rufe shi, yana ganin na kwana? Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu, wanda ya fito daga makarantar NBA da ke Saly a Senegal, kusan abin da ya yi wa Duke ke nan a kakar 2024 zuwa 2025: ya tokare wa Cooper Flagg da Kon Knueppel, ya gangara, ya cafke ta sama. Sama da kashi 70 na jifansa sun shiga, aka ɗauke shi na 10 a zaɓen NBA. Babu wanda ya ce ya zama Hakeem Olajuwon, tsohon gwarzon NBA ɗan Najeriya, a shekara ɗaya.

Game da jifan nesa, kada adadin sakandare ya ruɗe ka, domin layin gajere ne kuma jifan ba su da yawa. Jifan kyauta ya fi faɗin gaskiya. Wanda ke cin kashi 80 a can, hannunsa lafiya lau, nisan zai zo. Wanda ke cin 60 amma ana cewa gwanin maki uku ne, a saka alamar tambaya.

Rabin aikin kuma ba a kan yaron yake ba, a kan ƙungiyar yake. Minti 200 ne ake rabawa a kowane wasa, kuma yawancin kociyoyi mutum takwas ko tara suke juyawa idan gasa ta yi zafi. A ɗauko wasannin jami'ar na bara, a nemo wanda ya riƙe gurbin da aka yi wa yaron alkawari, a ƙirga sau nawa ya taɓa ƙwallo da kuma a ina. Wannan ne aikin da ke jiransa, ba abin da aka faɗa wa iyayensa a falo ba. Stephon Castle ya je jami'ar Connecticut (UConn) a 2023 da taurari biyar da burin riƙe ƙwallo. Ya tarar da Tristen Newton a kan kujerar. Jifansa na nesa bai kai kashi 30 ba, sai ya koma yankan baya, da tokarewa, da tsare gwanin abokan hamayya. Suka ci kofi, ƙungiyar San Antonio ta NBA ta ɗauke shi na 4.

Tun da aka sassauta dokar sauya makaranta a 2021, lissafin ya ƙara tsauri. Koci na iya ɗauko ɗan shekara 22 da ya riga ya buga wasa ɗari a wata jami'a, a watan Afrilu, bayan yaron sakandare ya sa hannu tun Nuwamba. Saboda haka duk wanda ke ba yaro shawara, walau daga Zariya ya taso inda Masai Ujiri, tsohon shugaban ƙungiyar Toronto Raptors ta NBA, ya fara wasa, walau daga Texas, ya sa shi ya zauna da kocin gaban allo ya ce: ranka ya daɗe, nuna mini hari biyar na bara, ka nuna mini wane ne ni a cikinsu, kuma wa kake shirin ɗaukowa a wannan gurbin idan bazara ta yi.