Kai Ma Kana Iya Zama Tsadar Wani

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Duk inda mutum biyu suka haɗu yanzu, kafin a gama gaisawa an faɗa zancen tsada. Albashi yana nan inda aka san shi, haya ta tashi, kuɗin mota ya tashi, na makarantar yara ma bai tsaya jira ba. Wata bai raba ba aljihu ya bushe. Kuma ba sharri mutane suke yi wa zamani ba. Bayan annobar korona sai ga yaƙin Rasha da Yukiren, har a watan Maris na 2022 ma'aunin farashin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Ko a ƙasashen da ake cewa hauhawar ta lafa, ba sauka kaya suka yi ba, saurin hawan ne kawai ya ragu. Shi ya sa za ka ji labarai suna cewa an samu sauƙi, kai kuwa ka laluba aljihunka ba ka ga sauƙin ba.

Don haka ba zan ce wa kowa ya daina kuka ba. Sahabbai ma sun koka. Anas ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ce kaya sun yi tsada a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai mutane suka roƙe shi ya ƙayyade musu farashi. Ya ce musu Allah ne Mai ƙayyade farashi, Mai ƙuntatawa, Mai yalwatawa, Mai azurtawa, kuma yana fatan ya haɗu da Ubangijinsa babu wanda yake bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Abu Dawuda da Tirmizi duk sun kawo shi. Rabin farko kowa ya haddace. Rabin ƙarshen ne ya hana ni barci: ana cikin tsada, amma abin da ya fi damun Annabi shi ne kada a wayi gari ya zalunci wani.

Mu fa? Mu tsadar ce ta zame mana hujjar zalunci.

Bari in fara da kaina. Kwanakin baya na dawo gida a gajiye, maiɗakina ta ce kuɗin cefanen da na bari bai kai ba. Ban tsaya na ji ba, na hau faɗa: ina kike kai kuɗi, ni fa ba tsinto su nake yi ba. Ba ta ce uffan ba. Washegari ta miƙo min takardar abin da ake buƙata, ta ce, "Maigida, yau kai za ka taimaka ka je." Na tafi da irin kuɗin da na saba ba ta. A gaban mai kaya na tsaya ina cire abu ɗaya-ɗaya ina mayarwa, ina lissafi da yatsu, na bayana suna jira. Rabin takardar ma ban cika ba. Sai a lokacin na gane watanni ke nan baiwar Allahn nan tana cika giɓin da ɗan abin hannunta, tana rufa min asiri, ni kuwa na saka mata da tsawa. Haushin kaza ne na huce a kan dami.

Allah Ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. An yi maka uzuri a kan ƙarancin abin hannunka. Ban ga inda aka yi maka uzuri a kan kaushin harshe ba. Ka zauna da iyalinka ka faɗa musu gaskiyar abin da ke shigowa, a yi lissafin tare. Da yawanmu mun fi tsoron a gane ba mu da shi fiye da tsoron bashi, sai mu ci bashi don ganin ido, a yi hidimar kece raini ta kwana ɗaya, a shekara ana ɓuya. A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ce sukan ga jinjirin wata uku cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi ba, dabino da ruwa kawai. Wane gida ne ya fi wannan daraja?

Masu mulki da manyan masu juya kasuwa suna da nasu hisabin, kuma ban wanke su ba. Amma ba su nake rubuta wa ba, ba na jin za su karanta. Kai nake rubuta wa, kai da ke da ɗan abin da wani yake nema a hannunka. Ɗan kasuwar da ya sayi kaya da tsohon farashi, ya ji ƙishin-ƙishin za su tashi, ya kulle su ya ce sun ƙare: Muslim ya ruwaito cewa babu mai ɓoye kaya sai mai saɓo. Mai gidan hayar da ya ninka kuɗi ba don wani gyara ba, don kawai ya san ɗan haya ba shi da wurin zuwa. Wanda ya sa lebura aiki, rana ta faɗi ya ce masa ya dawo gobe, alhali kuɗin suna aljihunsa. Dukansu za ka same su a majalisa suna tsine wa tsada da babbar murya.

Sai maganar bashi, wadda ta raba zumunci ba adadi a 'yan shekarun nan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, amma mu kunya ke hana mu rubutawa, sai daga baya mu zo mu yi abin da ya fi rashin kunya. Ayoyi biyu kafin ita, ta 280, ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi alheri. Bukhari da Muslim sun kawo labarin wani mai ba mutane bashi da yake ce wa yaronsa, in ka iske wanda ke cikin ƙunci ka ƙyale shi, ko Allah Zai ƙyale mu. Kuma Allah Ya yafe masa. Kai kuma da ake bi, kada ka fake da ayar nan kana kashe waya. In babu, ka je da ƙafarka ka ce babu. Wanda ya ranta maka shi ma kasuwa ɗaya kuke zuwa.

Akwai wani bawan Allah da nake bi kuɗi tun bara. Da ya hango ni sai ya sake hanya, har sahun da muke haɗuwa a masallaci ya canza. Jiya bayan Isha'i na kira shi, sai a kira na uku ya ɗauka, muryarsa tana rawa, ya fara rantse-rantse. Na ce masa ba kuɗi na kira nema ba, so nake ya dawo sahunsa. Ya yi shiru har na ɗauka layin ne ya yanke.