Kun Ji Bambanci Kuwa?

Tunda Habu Tela ya riga ya kai labarin har Kurna, kuma kun san yadda yake ƙara wa miya gishiri, gara ku ji daga bakin mai ita.

'Yar MP3 na saya a Farm Centre, naira 7,500, girmanta bai wuce kwalin ashana ba. Mai tambayar me ya hana ni jin waƙa a waya, ya zo ya ga batirin wayar tawa. Na kai memori wurin masu turi aka cika mini da tsofaffin waƙoƙin kalangu da kukuma, na sa iyafis, duniya ta yi daɗi. Da na tsaya a nan da yanzu ina da mutunci a unguwa.

Kwana na uku ina 'yan danne-danne sai na faɗa wani wuri da aka rubuta EQ. Ikwalaiza ke nan, wurin da ake ƙara ko rage kauri da sirantar sauti. Ga sunaye a jere: Normal, Rock, Pop, Jazz, Classic, Bass. Na duba sama na duba ƙasa, babu Kalangu, babu Kukuma, wanda ya ƙera abin bai san da zamanmu ba. Amma a wani lungun daban na tarar da inda mutum zai saita da hannunsa. Sanduna biyar ne a tsaye, ƙarƙashinsu an rubuta 60, 250, 1K, 4K da 16K, kowace tana hawa har 12 tana sauka har 12.

Mako guda na yi ina ƙona data a kan sandunan nan. Na gano lambobin yawan karkarwar sauti ne a daƙiƙa ɗaya. Ta 60 ita ce rugugin nan da ake ji a ƙirji, wanda yara ke kira bes. Ta 16K, wato dubu 16, ita ce siririyar ƙara ta can ƙoli. Kunnen yaro mai lafiya yana kamawa daga 20 zuwa 20,000, kuma na saman yana zaizayewa da shekaru. Na haddace duk wannan kamar mai shirin musabaƙa. Na ɗaga sandar farko har ƙarshe, na ɗaga ta ƙarshe ita ma, na danne na tsakiya, suka yi kwari kamar kwarya. Kullum da daddare ina kwance ina gyaɗa kai. Har na cire kunne ɗaya na sa wa maman Khalifa na ce, “Ji bes.” Ta saurara ta ce, “Ni dai waƙa nake ji, irin ta jiya.” Na ce mata ba kowane kunne ne aka hore wa ba. Ku riƙe wannan maganar.

To, daren Laraba, ana muku-mukun sanyi, muna teburin mai shayi. Ɗanlami ya fito da sifikar nan mai fitilu, wadda kowa ya san daga ina ta fito. Na ce a ba ni wayar haɗi in jona MP3 ɗina, yau zan nuna musu abin da ake kira sauti. Mutum tara ne a wurin. Na goma shi ne Baba Injiniya, yana can ƙarshen benci da shayinsa ba madara, ya rufe kunne da hular sanyi. Na san shekara nawa ya yi a gidan rediyo, kowa ya sani. Amma a raina na ce ai shi mutumin zamanin faifai ne, wannan ilimin na yanzu ne.

Na miƙe tsaye. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai in na tuna: ba wanda ya ce in tashi. Na daidaita sandunan duka a tsakiya, na saki waƙa, na ce, “Wannan shi ne yadda talakawa suke ji.” Aka yi dariya. Sannan na tura sandar 60 sama a hankali, ina kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

“Kun ji bambanci?”

Shiru. Sai ƙarar cokali a kofi. Na ɗan ƙara murya ba tare da kowa ya lura ba, na sake tambaya.

Habu Tela ya dafa ƙirji. “Kai! Malam, har cikin haƙarƙarina.”

Shi ke nan, an ba mahaukaci sanda. Na danne ta 1K da ta 4K har ƙasa na ce, “Yanzu ku lura, muryar mawaƙin za ta ja baya, domin nan maganar ɗan Adam take zaune.” Habu ya rufe ido ya karkata kai. “Wallahi kamar ya faɗa rijiya.” Ɗanlami ya ce shi ma ya ji, amma kaɗan-kaɗan. Mai shayi ya ce shi ƙarar rishonsa kawai yake ji, na ce ai dole, shekara goma yana gefen wuta, kunne ya dahu. Na sake ƙara murya.

Da na zo ta 16K sai na yi musu gargaɗi cewa wannan sai mai ƙuruciyar kunne, duk wanda ya ba arba'in baya kada ya wahalar da kansa. Na tura ta sama. Habu Tela, wanda ya aurar da 'ya bara, ya ɗaga yatsa ya ce, “Ga ta nan. Wata 'yar tsiii.”

A nan ne Baba Injiniya ya yi magana karo na farko. “Ɗana, waƙar nan daga ina aka samo ta?”

Na ce, “Daga kaset aka juye, Baba.”

Ya ce, “To.” Ya kurɓi shayi. Wannan “to” ɗin, da ina da rabo, da a nan na zauna.

Ban zauna ba. Na shiga bayanin desibel, ma'aunin ƙarfin sauti, wato 12 ɗin nan ta jikin sanduna. Ina cikin zuba, hannu ɗaya a sama, sai na ji numfashi a kafaɗata. Yaron mai shayi ne, mai fasa ƙwai, ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, ya leƙo yana kallon ɗan gilashin MP3 ɗin. Hannunsa duk ɓawon albasa. Ya ce, a hankali kuma cikin ladabi, wanda shi ya sa abin ya fi zafi:

“Yaya, ai har yanzu a Normal take.”

Na ce, “Me?”

“Ga shi nan a sama an rubuta NOR. In ka saita sandunan sai ka koma can wajen sunayen ka zaɓi Custom, in ba haka ba ba ta ɗauka. Yayana yana da irinta.”

Na duba. Haruffa uku, ƙanana kamar ƙwayar gero, a kusurwar dama: NOR. Kwana bakwai suna nan suna kallona ina gyaɗa kai a gado. Duk rugugin da na ji a ƙirji, duk muryar da na tura rijiya, duk tsiii ɗin Habu, babu ko ɗaya da ya taɓa fitowa daga na'urar nan. Sanduna kawai nake turawa sama da ƙasa kamar yaron da aka ba sitiyarin kwali ya zauna a gaban mota.

Ba a yi dariya nan take ba. Da an yi da sauƙi. Shiru aka yi irin na zaman makoki, waƙa tana ta tafiya abinta yadda take tun farko, mai kalangu bai san ana yi ba. Na ji zufa tana bin bayana a cikin sanyin nan. Wani ya yi tari. Mai shayi ya juya ƙwai ba tare da ya ɗago ba ya ce, “Ashe kunnen nawa bai dahu ba.” Daga nan benci ya ɗauka. Ɗanlami har da faɗowa.

Mai hankali a nan zai zare wayarsa ya ce sai da safe. Ni borin kunya ya hau ni. Na ce, “Ai gwada ku nake yi. Yanzu za ku ji na gaskiya.” Na mayar da sandunan yadda na saba, 60 a ƙoli, 16K a ƙoli, tsakiya a ƙasa, na koma wajen sunayen, na gangara ƙasa da Bass inda ban taɓa kaiwa ba, ga Custom nan zaune. Abin da na manta shi ne tun ɗazu ina ta ƙara murya a ɓoye, na MP3 ta kai ƙarshe, ta sifika ma ta kai ƙarshe.

Na danna.

Ban san yadda zan rubuta ƙarar ba. Ku ɗauka an sa bunsuru mai mura a cikin garwa an rufe. Sifikar ta yi ɓurrr, ta fara tafiya a kan tebur da ƙafarta, fitilun suna ƙiftawa. Mawaƙin ya ɓace gaba ɗaya, wannan karon da gaske. Karen gidan Alhaji ya amsa daga bayan katanga. Kafin in lalubo inda ake ragewa sai muka ji fat, daga nan duk bugun kalangu sai ya fito da wata 'yar farfar kamar an maƙala takarda a tayar keke.

Ɗanlami ya ɗora hannu biyu a ka. “Innalillahi. Ta Amarya ce. Ba ta san na fito da ita ba.”

Baba Injiniya ya ajiye kofi ya ce in miƙo abin. Ya nisanta shi da idonsa ya duba, ya mayar Normal. Ya ce, “Ɗana, 12 ɗin nan da ka gani ba ƙaramar lamba ba ce. Ƙarfin da ka nemi sifikar ta fitar a wajen ya ninka kusan sau 16. Ita kuma 'yar wannan ba a yi ta don rugugin 60 ba, sai ta yi ta bugun iska har ta yage. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi.” Ya ce muryar mawaƙi da zancen kalangu duk a sandunan tsakiya suke, su na binne. Ta 16K kuwa, waƙar da aka juye daga tsohon kaset aka kuma matse ta don ta shiga memori, babu abin da ya rage mata a can sai shuuu, ko shi ma in an samu. “Mu a wurin aiki, in wani sashe ya dame ka, shi kake ragewa kaɗan. Ba a bin sauran da ƙari.” Na ce na gode, Baba. Me zan ce?

Duk wannan na haɗiye. Yaron ma na yafe masa, gaskiya ya faɗa, ko da yake da ya ja ni gefe ai ba zai mutu ba. Wanda ban yafe wa ba shi ne Habu Tela. Ana gama dariya mutumin nan ya gyara hula ya ce, “Ni dama tun farko ban ji komai ba, kara na yi maka.” Kara! Wa ya dafa ƙirji? Wa ya kawo rijiya? Ni na ce muryar za ta ja baya, shi ya tura ta rijiya. Tsiii ɗin nan daga bakin wa ta fito? Da ya yi shiru irin na mai shayi, da tun a sandar farko na duba na ga abin da ake ciki, da yanzu sifikar Amarya tana raye.

Kuma ba yau ya fara ba. Shi ne ya ɗinka mini kaftanin ƙaramar Sallah, wuyan ya yi faɗin da kai biyu za su shiga, na sa a gabansa ya ja baya ya ce, “Kai! Kamar a jikinka aka halicce ta.” Da irin muryar da ya ce har cikin haƙarƙarina. Sai a filin Idi ƙanena ya tambaye ni ko rigar Kawu na aro. Ya kamata tun ranar in gane mutumin nan duk abin da ka nuna masa ya ji bambanci. Yanzu kuma ya mayar da ita sara. Jiya an ce wani ya je karɓar wando, ya rage masa tsawo, ya miƙa masa ya ce, “Ka ji bambanci?” Duk shagon suka kwashe.

Gyaran sifika naira 4,000, muka raba da Ɗanlami, ban san dalilin da ya sa na yarda da rabin ba alhali shi ya sato ta. Har yanzu tana ɗan farfar in an ƙure ta. Amarya ba ta amsa gaisuwata sosai. Maman Khalifa kuwa labarin ya riga ni isa gida, ina shiga ta ce, “Sannu da zuwa, mai kunne.”

MP3 tana nan. Na ɗan gwada Jazz a ɓoye da iyafis, kuma ina ganin kamar kukuma ta fi fita a nan, amma wa zan gaya wa? Shaddata ma tana wurin Habu tun kafin abin ya faru, yadi biyar. Ya ce in zo Alhamis.