Matasan Japan da suka kulle kansu a ɗaki: me coci za ta yi musu?

A shekarar 2023 gwamnatin Japan ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.46, masu shekaru 15 zuwa 64, sun janye jiki daga jama'a. Ba makaranta, ba aiki, wasu ma sai dare ya raba suke fitowa daga ɗaki. Wanda ya kai wata shida a haka ana ce masa hikikomori, sunan da ya bazu bayan littafin da likitan ƙwaƙwalwa Saito Tamaki ya fitar a 1998.

Masu cewa lalaci ne ba su yi musu adalci ba. Sau da yawa abin kan faro ne daga cin zali a makaranta, ko faɗuwa jarrabawa, ko rasa aiki. Waɗanda suka gama karatu bayan tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a farkon shekarun 1990 sun tarar kamfanoni sun rage ɗaukar ma'aikata. Wasunsu har yau suna ɗaki, furfura ta fito, iyaye 'yan shekara 80 na ciyar da su da kuɗin fansho. Japanawa na kiran wannan "matsalar 8050", wato iyaye 'yan shekara 80 da 'ya'ya 'yan shekara 50. Abin da ya fi ban tausayi, gudun surutun maƙwabta kan sa iyayen su ɓoye har shekaru su tafi.

Kiristoci kusan kashi 1 cikin 100 ne na mutanen Japan, amma suna riƙe da abin da waɗannan mutane ke ƙishirwa: koyarwar cewa darajar ɗan Adam ba daga albashi ko sakamakon jarrabawa take zuwa ba, Allah ne ya ba shi. Sai dai wanda ya yanke ƙauna daga mutane, wa'azi ta bayan ƙofa ba zai fito da shi ba.

Shi ya sa hanyar Fasto Okuda Tomoshi na birnin Kitakyushu ta kwanta mini. Ya daɗe yana aiki da masu kwana a titi, kuma ƙungiyarsa Hoboku ta ginu a kan kada a rabu da mutum ko da matsalarsa ba ta warware ba. Ku kwatanta wannan da kamfanonin da iyaye ke biya maƙudan kuɗi su fito da 'ya'yansu da ƙarfin tsiya, har wasu suka kai su kotu.

A ganina coci ta fara da iyayen, domin su ne ke iya zuwa. A ba su wurin da za su amayar da abin da ke cikinsu ba tare da an zarge su ba. Ɗan kuwa a riƙa kai masa ziyara, ko da gaisuwa ce kawai, kuma kada a sa zuwa sujada ranar Lahadi ya zama sharaɗi.